Ɗaurin sinadarai da gwajin ayon

Ɗaurin sinadarai shi ne ƙarfin da ke riƙe ƙwayoyin zarra, waɗanda ake kira atom, har su zama abu guda kamar ruwa, gishiri ko baƙin ƙarfe. Gwajin ayon kuwa hanya ce ta gano irin ƙwayoyi masu caji da ke cikin abin da ba a san shi ba. Ana yin haka ta duba launin harshen wuta, ko guiɓin da ya kwanta, ko iskar da ta tashi bayan an haɗa abin da wani sinadari sananne. Darussan biyu suna cikin manhajar kemistiri ta babbar sakandare, kuma ɗaya yana jingine da ɗaya: irin ɗaurin da ke cikin abu shi ke nuna ko zai narke a ruwa ya saki ayon, sakin ayon ɗin kuma shi ke ba da damar gwada shi.

## Asalin kalmomi

Kalmar *ayon* daga Girkanci take, ma'anarta "mai tafiya". Masanin Ingila Michael Faraday ne ya shigo da ita kimiyya a shekarar 1834, bisa shawarar William Whewell, don sanya wa ƙwayoyin da ke tafiya a cikin ruwa idan an ratsa shi da wutar lantarki suna. A tare aka ƙirƙiro *katayon*, wato "mai gangarawa", don ayon mai cajin ƙari (+), da *anayon*, wato "mai hawa", don ayon mai cajin ragi (−).

Kalmar *alkali* ta kimiyya daga Larabci take, daga sunan tokar tsirrai da ake yin sabulu da ita. Ba ta da alaƙa da *alƙali* mai shari'a, wanda ya fito daga wata kalmar Larabci daban. Daga wannan tushe na toka aka samo alamar K ta fotasiyam. Alamar Na ta sodiyam kuma tana da alaƙa da *natron*, wani gishirin ƙasa dangin kanwa. Alamomin Fe na baƙin ƙarfe, Cu na jan ƙarfe, Pb na dalma da Ag na azurfa duk daga sunayensu na Latin aka ciro su.

A Hausa, *narkewa* tana ɗaukar ma'ana biyu da kimiyya ta raba: narkewa da zafi, kamar ta man shanu a wuta, da narkewa a ruwa, kamar ta sukari a shayi. A wannan maƙala ana fayyace wadda ake nufi.

## Tarihi

A shekarar 1841 Bajamushe Carl Remigius Fresenius ya wallafa littafin da ya tsara gwaje-gwajen gano sinadarai mataki-mataki, kuma tsarin da ake koyarwa a makarantu yau ya gaji wannan hanya. Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff sun nazarci hasken da sinadarai ke fitarwa a cikin wuta, har suka gano sisiyam a 1860 da rubidiyam a 1861. A 1884 Svante Arrhenius na ƙasar Siwidin ya kawo ra'ayin cewa gishiri yana rabuwa zuwa ayon da zarar ya narke a ruwa, ko da ba a sa masa lantarki ba. Ya samu kyautar Nobel a 1903.

Bayanin ɗauri bai samu ba sai bayan da J. J. Thomson ya gano ilektiron a 1897. A 1916 Walther Kossel a Jamus ya bayyana ɗauri ta hanyar miƙa ilektiron, a shekarar kuma Gilbert N. Lewis a Amurka ya bayyana ɗauri ta hanyar tarayya a kan ilektiron biyu. Linus Pauling ya fito da ma'aunin ƙarfin jan ilektiron a 1932, ya kuma samu kyautar Nobel ta kemistiri a 1954.

## Tsarin atom da dalilin ɗauri

Kowane atom yana da cibiya mai ɗauke da furoton, masu cajin ƙari, galibi kuma da niyutiron, marasa caji. Ilektiron masu cajin ragi suna kewaye da cibiyar a zagaye-zagaye. Zagayen farko yana ɗaukar ilektiron 2, na biyu yana ɗaukar 8. A sinadarai ashirin na farkon jadawali, zagaye na uku ma yakan tsaya a 8 kafin a shiga na huɗu. Don haka ake rubuta tsarin sodiyam 2,8,1, magniziyam 2,8,2, alminiyam 2,8,3, kulorin 2,8,7, kalsiyam 2,8,8,2.

Ilektiron ɗin zagayen waje su ne ke shiga ɗauri. Heliyam, niyon da agon zagayensu na waje cike yake, shi ya sa da ƙyar suke haɗuwa da wani abu. Sauran sinadarai sukan bayar da ilektiron, ko su karɓa, ko su yi tarayya a kansu, har su kai irin wannan tsari. Ana kiran wannan ƙa'idar takwas. Tana aiki sosai a matakin sakandare, amma tana da togaciya: haidirojin yana tsayawa a 2, boron a BF₃ yana da 6 kacal, farar wuta a SF₆ tana da 12.

Atom ɗin da ya rasa ilektiron ya zama katayon, wanda ya karɓa ya zama anayon. Yawan furoton ba ya canzawa. Ayon na iya zama atom guda, kamar Na⁺ da Cl⁻, ko gungun atom masu caji ɗaya, kamar NH₄⁺ da SO₄²⁻.

## Ire-iren ɗauri

### Ɗaurin ayon

Yana faruwa galibi tsakanin ƙarfe da abin da ba ƙarfe ba. Sodiyam (2,8,1) yana miƙa ilektiron ɗaya ga kulorin (2,8,7), sai a samu Na⁺ (2,8) da Cl⁻ (2,8,8). Ɗaurin kansa shi ne jan da ke tsakanin caji biyu masu saɓani. Miƙa ilektiron hanya ce kawai ta samar da ayon ɗin.

A cikin ƙwayar gishiri babu molekul ɗin NaCl da ke zaman kansa. Ayon ɗin suna jere ne sahu-sahu ta kowace fuska: kowane Na⁺ yana kewaye da Cl⁻ shida, kowane Cl⁻ yana kewaye da Na⁺ shida. Daga wannan tsari halayensu suka fito:

* Suna buƙatar zafi mai yawa kafin su narke. Gishirin girki yana narkewa a 801 °C. Magniziyam oksaid, wanda ayon ɗinsa ke da caji biyu-biyu, sai ya kai kusan 2,850 °C.
* Ba sa barin lantarki ya ratsa su idan suna daskare, domin ayon ɗin ba sa motsi daga gurbinsu. Idan sun narke da zafi ko a ruwa, lantarki yana wucewa.
* Suna da tauri amma suna farfashewa. Duka yana gusar da sahu ɗaya, masu caji iri ɗaya su fuskanci juna, su ture juna.

Wajen rubuta alamar haɗaɗɗen sinadari, dole jimillar caji ta zama sifiri. Ca²⁺ yana buƙatar Cl⁻ biyu, sai a rubuta CaCl₂. Al³⁺ biyu suna daidaita da SO₄²⁻ uku, sai a rubuta Al₂(SO₄)₃.

### Ɗaurin tarayya

Ana kuma kiransa ɗaurin kobalen. Atom biyu waɗanda ba ƙarafa ba suna tarayya a kan ilektiron biyu, kowa ya kawo ɗaya. Ɗaurin kan zo guda kamar a H₂ da Cl₂, ko ninki biyu kamar a O₂ da CO₂, ko ninki uku kamar a N₂.

Abubuwan da ke da wannan ɗauri kashi biyu ne. Na farko ƙananan molekul ne, kamar ruwa, amoniya da mitan. Ɗaurin da ke cikin kowane molekul yana da ƙarfi, amma jan da ke tsakanin molekul da maƙwabcinsa rarrauna ne, don haka suke tafasa da wuri. Mitan yana tafasa a kusan −162 °C. Na biyu manyan gine-gine ne da ɗauri ya game su gaba ɗaya. A lu'ulu'u kowane kabon yana ɗaure da kabon huɗu, shi ya sa taurinsa ya yi fice. A girafait, wato bakin fensir, kowane kabon yana ɗaure da uku a falle-falle. Fallayen suna zamewa a kan juna, shi ya sa yake rubutu, ilektiron ɗaya da ya rage wa kowane atom kuma yana yawo, shi ya sa lantarki ke ratsa shi.

Tarayyar ba kullum take raba daidai ba. A ma'aunin Pauling, fulorin yana da kusan 4.0, oksijin 3.4, kulorin 3.2, haidirojin 2.2, sodiyam 0.9. A molekul ɗin ruwa oksijin yana rinjayar ilektiron zuwa gefensa, sai gefen ya ɗan yi ragi, gefen haidirojin ya ɗan yi ƙari. Da yake molekul ɗin a lanƙwashe yake, da kusurwar digiri 104.5, rinjayen ba ya soke kansa. A CO₂ kuwa atom ukun a miƙe suke, jan hagu da na dama suna soke juna.

### Ɗaurin tarayya na kyauta

A nan atom ɗaya ne ke kawo ilektiron biyun duka. Naitirojin ɗin amoniya yana da ilektiron biyu da ba su shiga ɗauri ba. Idan ya ba H⁺ su, sai a samu ayon ɗin amoniyam, NH₄⁺. Haka ruwa ke zama H₃O⁺ a cikin asid. Bayan an ƙulla shi, ba a iya bambanta shi da sauran ɗaurin tarayya da ke cikin ayon ɗin. Wannan ɗauri ne ke bayan shuɗin da ake gani a gwajin jan ƙarfe da amoniya.

### Ɗaurin ƙarfe

A cikin ƙarfe, atom suna sakin ilektiron ɗinsu na waje su zama na kowa. Katayon suna jere, ilektiron suna yawo a tsakaninsu suna riƙe su. Wannan yawo ne ke ɗaukar lantarki da zafi. Da yake sahu na iya zamewa ba tare da ɗaurin ya tsinke ba, maƙeri yana iya buga ƙarfe ya baje, ko a ja shi ya zama waya. Ƙarfin ɗaurin ya bambanta ƙwarai: zaiba ruwa ce a zafin ɗaki, tangistin kuwa sai ya wuce 3,400 °C yake narkewa.

### Jan da ke tsakanin molekul

Akwai rarraunan ja da ake kira ƙarfin van der Waals, wanda ke ƙaruwa da girman molekul. Shi ya sa kulorin iska ce, buromin ruwa, aidin kuma daskararre. Akwai kuma ɗaurin haidirojin, wanda ke samuwa idan haidirojin yana ɗaure da naitirojin, oksijin ko fulorin. Saboda shi ruwa ke tafasa a 100 °C, alhali H₂S da ya fi shi nauyi yana tafasa a kusan −60 °C. Idan ruwa ya tafasa, wannan ja ne ke saki. Ɗaurin da ke tsakanin oksijin da haidirojin a cikin molekul yana nan, tururi ma H₂O ne.

## Narkewa a ruwa

Molekul ɗin ruwa suna kewaye ayon, gefen oksijin ya fuskanci katayon, gefen haidirojin ya fuskanci anayon, su janye su daga sahu. Amma ba kowane gishiri ke narkewa ba. Gwajin ayon ya dogara ne a kan sanin waɗanda ba sa narkewa:

* Duk gishirin sodiyam, fotasiyam da amoniyam suna narkewa.
* Duk naitiret suna narkewa.
* Kuloraid suna narkewa, ban da na azurfa da na dalma. Na dalma yana narkewa a ruwan zafi.
* Salfet suna narkewa, ban da na bariyam da na dalma. Na kalsiyam kaɗan yake narkewa.
* Kabonet ba sa narkewa, ban da na sodiyam, fotasiyam da amoniyam.
* Haidiroksaid na yawancin ƙarafa ba sa narkewa. Na sodiyam da fotasiyam suna narkewa sosai, na kalsiyam kaɗan.

Idan aka haɗa ruwa biyu, wani katayon ya gamu da anayon ɗin da ba sa narkewa tare, sai daskararren abu ya bayyana ya dagula ruwan. Shi ne guiɓi. Misali: Ag⁺ + Cl⁻ → AgCl.

## Gwajin katayon

### Gwajin harshen wuta

Ana tsoma wayar filatinam ko nikurom a asid ɗin HCl mai kauri, wato wanda ba a sirka ba, a ƙona ta har ta daina ba da launi. Sannan a dangwalo abin gwaji a sa a shuɗin harshen wutar Bunsen. Zafi yana ɗaga ilektiron zuwa sama, idan suka komo gurbinsu sai su saki haske mai launi na musamman.

| Ayon | Launin wuta |
|---|---|
| Li⁺ | ja jawur |
| Na⁺ | rawaya mai haske, mai daɗewa |
| K⁺ | shunayya mai haske |
| Ca²⁺ | ja irin na jan bulo |
| Ba²⁺ | kore mai haske |
| Cu²⁺ | kore mai ratsin shuɗi |

Rawayar sodiyam tana da ƙarfi, ko gumin yatsa ya taɓa wayar tana iya rufe sauran launuka. Don ganin fotasiyam idan akwai sodiyam, ana duba wutar ta cikin shuɗin gilashin kobal, wanda ke tare rawayar.

### Sodiyam haidiroksaid da ruwan amoniya

Ana zuba kowannensu a kaso daban na ruwan gwaji, da farko ɗigo-ɗigo, daga baya a ƙara fiye da kima.

| Ayon | Da NaOH | Da ruwan amoniya |
|---|---|---|
| Cu²⁺ | shuɗin guiɓi, ba ya narkewa a ƙari | shuɗin guiɓi, yana narkewa a ƙari ya ba da ruwa shuɗi mai duhu |
| Fe²⁺ | koren guiɓi mai dauɗa-dauɗa, ba ya narkewa | haka nan |
| Fe³⁺ | guiɓi ja mai ruwan ƙasa, ba ya narkewa | haka nan |
| Zn²⁺ | farin guiɓi, yana narkewa a ƙari | farin guiɓi, yana narkewa a ƙari |
| Al³⁺ | farin guiɓi, yana narkewa a ƙari | farin guiɓi, ba ya narkewa |
| Pb²⁺ | farin guiɓi, yana narkewa a ƙari | farin guiɓi, ba ya narkewa |
| Ca²⁺ | farin guiɓi, ba ya narkewa | babu guiɓi |
| NH₄⁺ | babu guiɓi. Da ɗumamawa amoniya na tashi | ba a gwada shi da wannan |

Masu launi ba su cika wahala ba. Inda ake rikicewa shi ne fararen guiɓi huɗu. Hanyar rarrabe su ita ce: wanda ya ƙi narkewa a ƙarin NaOH kuma bai ba da guiɓi da amoniya ba, kalsiyam ne. Wanda ya narke a duka biyun, tutiya ce, wato zink. Saura alminiyam da dalma, waɗanda suke yin abu iri ɗaya a gwaje-gwajen biyu. Don raba su ana ɗiga fotasiyam ayodaid: dalma tana ba da guiɓi rawaya na PbI₂, alminiyam ba ya ba da komai. Ko a zuba sirkakken HCl: dalma tana ba da farin guiɓi da ke narkewa idan an ɗumama, ya dawo idan ya huce.

Haidiroksaid na tutiya, alminiyam da dalma suna narkewa a ƙarin NaOH ne saboda suna iya haɗuwa da asid, suna kuma iya haɗuwa da alkali. Jan ƙarfe da tutiya kuwa suna narkewa a amoniya saboda molekul huɗu na amoniya suna ƙulla ɗaurin kyauta da ayon ɗin, kamar a [Cu(NH₃)₄]²⁺.

Koren guiɓin Fe²⁺ yakan koma ruwan ƙasa daga sama idan ya jima, domin oksijin ɗin iska yana mayar da shi Fe³⁺. Don tabbatarwa, fotasiyam tayosayanet yana ba da ja kamar jini da Fe³⁺, ba ya yin haka da Fe²⁺.

## Gwajin anayon

Kabonet, CO₃²⁻. A zuba sirkakken asid. Abin zai yi kumfa, iska marar launi da wari ta tashi, wadda ke mayar da ruwan laim fari kamar madara. Ruwan laim narkakken kalsiyam haidiroksaid ne, ba ruwan lemun tsami ba. Idan aka ci gaba da ratsa iskar, farin yakan washe. HCO₃⁻ ma yana yin wannan kumfa. Ana bambanta su da magniziyam salfet: kabonet yana ba da farin guiɓi nan take, haidirojin-kabonet sai an tafasa.

Salfet, SO₄²⁻. A zuba bariyam kuloraid da sirkakken HCl. Farin guiɓin da ya ƙi narkewa a asid ɗin salfet ne.

Salfait, SO₃²⁻. Shi ma yana ba da farin guiɓi da bariyam kuloraid, amma yana narkewa a HCl. Iskar SO₂ da ke tashi tana mayar da fotasiyam daikuromet mai asid daga ruwan goro zuwa kore.

Kuloraid, buromaid da ayodaid. A fara zuba sirkakken asid ɗin HNO₃, sannan naitiret ɗin azurfa. Cl⁻ yana ba da farin guiɓi mai narkewa a sirkakken ruwan amoniya. Br⁻ yana ba da fari mai ratsin rawaya, wanda sai a amoniya mai kauri yake narkewa. I⁻ yana ba da rawaya, ba ya narkewa a ko wanne.

Naitiret, NO₃⁻. Da yake duk naitiret suna narkewa, babu gwajin guiɓi. Ana zuba sabon haɗin FeSO₄, a karkata kwalbar gwaji, a zuraro H₂SO₄ mai kauri a hankali ta jikin kwalbar. Zobe mai ruwan ƙasa zai bayyana a inda ruwayen biyu suka haɗu.

Salfaid, S²⁻. Sirkakken HCl yana tayar da H₂S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke baƙanta takardar da aka jiƙa da gishirin dalma.

Jerin gwaji yana da muhimmanci. Kabonet yana ba da guiɓi da bariyam, yana kuma bayarwa da azurfa, don haka ake fara neman sa, sannan salfet, sannan kuloraid da danginsa. Aikin asid ɗin da ake zubawa shi ne kawar da kabonet da salfait kada su yi ruɗu.

## Misali: gwajin kanwa

Kanwa, wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da gabashin Nijar, misali ce mai kyau. A Ingilishin Najeriya ana kiranta da sunan da ke nuna fotasiyam, amma babban abin da ke cikinta gishirin sodiyam ne, musamman ma'adinin turona, Na₂CO₃·NaHCO₃·2H₂O. Gwaji yana nuna haka:

| Gwaji | Abin da aka gani | Abin da ya nuna |
|---|---|---|
| A daka, a narka a tataccen ruwa, a tace | yawanci ya narke, yashi ya rage | gishiri mai narkewa haɗe da ƙasa |
| A tsoma jar takardar litmos | ta koma shuɗiya | ruwan alkali ne |
| Gwajin harshen wuta | rawaya mai daɗewa | akwai Na⁺ |
| A zuba sirkakken HCl | kumfa; iska ta farar da ruwan laim | iskar CO₂ ce; akwai CO₃²⁻ ko HCO₃⁻ |

Da yake kanwa daga ƙasa take, sau da yawa akan samu kuloraid da salfet a cikinta. Ko a gida, matsa lemun tsami a kan kanwa yana tayar da wannan kumfa, kuma wannan hali ne ke sa ta kashe tsamin abinci.

## A jarrabawa

Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, wadda aka kafa a 1952, da hukumar NECO ta Najeriya, wadda aka kafa a 1999, duk suna da takardar kemistiri ta aiki da hannu. A ciki akwai auna asid da alkali, da kuma gano ayon a wani abu da aka ɓoye sunansa. Ɗalibi yana rubuta sakamako a gida uku: gwaji, abin da aka gani, da abin da ya nuna.

Littattafan makarantun Najeriya, irin su *New School Chemistry* na Osei Yaw Ababio, suna amfani da dogayen sunaye masu bayyana tsarin ayon. Salfet shi ne tetira-okso-salfet(VI): *tetira* huɗu, *okso* oksijin, VI kuma lambar oksidi ta farar wuta. Haka kabonet ya zama tirai-okso-kabonet(IV), naitiret ya zama tirai-okso-naitiret(V). Wanda ya gane gaɓoɓin sunan zai iya fitar da alamar ba tare da hadda ba.

Kurakuran da suka fi yawa sun haɗa da:

* Zuba NaOH da yawa lokaci guda, guiɓin ya narke kafin a gan shi.
* Sa HCl kafin naitiret ɗin azurfa, ko H₂SO₄ kafin bariyam. Asid ɗin da kansa ya kawo ayon ɗin da ake nema.
* Amfani da ruwan famfo ko na rijiya maimakon tataccen ruwa, alhali suna ɗauke da nasu ayon.
* Rubuta sunan iska a gidan abin da aka gani. Ido kumfa yake gani, sunan iskar sai bayan an gwada ta.
* Yanke hukunci da wuri. Farin guiɓin da ya narke a ƙarin NaOH yana nuna Zn²⁺, Al³⁺ ko Pb²⁺, sai gwaji na gaba ya ware ɗaya.
* Barin caji wajen rubuta ayon, ko rubuta Fe kawai ba tare da nuna Fe²⁺ ko Fe³⁺ ba.
* Gwada amoniya da busasshiyar takardar litmos. Sai an jiƙa ta take canzawa.

## Kariya

Ba a ɗanɗana komai a ɗakin gwaji. Ba a kai hanci bakin kwalba, ana kaɗo iskar da hannu ne. Idan za a sirka asid mai kauri, asid ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a cikin asid, domin zafin da ke tashi yana iya fantsamar da shi. Gishirin bariyam masu narkewa da na dalma guba ne, haka iskar H₂S da SO₂. Naitiret ɗin azurfa yana baƙanta fata. NaOH yana cin fata, yana kuma iya makantarwa, don haka ake sa tabarau na kariya. Wajen ɗumama kwalbar gwaji, ana kau da bakinta daga mutane.

## Muhimmanci da iyaka

Ayon suna cikin rayuwar yau da kullum. Ca²⁺ da Mg²⁺ ne ke hana sabulu kumfa a ruwan wasu rijiyoyi. Al³⁺ da ke cikin alif shi ke tattara dattin ruwa ya kwanta. Ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa yana mayar wa jiki ruwa da ayon ɗin da ya rasa. Takin zamani yana ba shuka NH₄⁺, NO₃⁻, K⁺ da fosfet.

Wasu ayon kuwa kisa suke yi. Jiki yana ɗaukar Pb²⁺ kamar Ca²⁺, saboda cajinsu ɗaya, sai dalma ta shiga ƙashi, ta kuma lalata ƙwaƙwalwar yara. A shekarar 2010 an gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. An kuma samu dalma mai yawa a wasu nau'o'in kwalli da ake yi da ma'adinin PbS.

Gwaje-gwajen makaranta suna da iyaka. Suna nuna irin ayon da ke akwai, ba sa nuna yawansa, kuma sai ayon ɗin yana da ɗan yawa ake ganin guiɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin dalma a ruwan sha a maikurogiram 10 a lita ɗaya, naitiret miligiram 50, fuloraid miligiram 1.5. Dalma a irin wannan ƙanƙanin adadi ba ta ba da guiɓin da ido zai gani, don haka rashin ganin rawaya da fotasiyam ayodaid ba ya nufin ruwa yana da lafiyar sha. Irin wannan awo sai da na'urori masu auna hasken da atom ke sha ko fitarwa, waɗanda tushensu ke komawa ga aikin Bunsen da Kirchhoff.

## Duba kuma

* Atom
* Jadawalin sinadarai
* Asid da alkali
* Kanwa
* Gubar dalma a Zamfara